Ciyar da Mabuƙata a Unguwa: Amsoshin Tambayoyin da Aka Fi Yi wa Kwamitin Masallacinmu

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa, wasu a ƙofar masallaci bayan Magariba, wasu ta bakin mata a gidajen suna da biki, wasu a waya. Mun tara su wuri guda. Inda magana ta shafi hukunci mun bi mazhabar Malikiyya da aka saba da ita a Kano. Wanda lamarinsa ke da sarƙaƙiya, ya zauna da malami ya warware masa.

Su wane ne ku, kuma me kuke yi?

Kwamiti ne na masallacin unguwa a cikin birnin Kano. Akwai liman da na'ibinsa, akwai 'yan kasuwa da ma'aikata da 'yan fansho, da samarin da ke ɗaukar kaya, sannan akwai ɓangaren mata, wanda in babu shi aikin ba zai yiwu ba. Muna karɓar hatsi da kuɗi daga masu hali, mu kai gidajen da aka daina ɗora tukunya. Babu wanda ake biyan albashi a kan wannan aiki a cikinmu.

Kano da ake zuwa sayen abinci daga ko'ina, da gaske akwai gidajen da ake kwana da yunwa?

Akwai, kuma ba a bayan gari kaɗai ba. Abinci bai yanke a Kano ba. Duk wanda ya bi hanyar Katsina ya ga kasuwar Dawanau, wadda ke cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, ya san manyan motoci ba su daina lodi ba. Singa cike take da shinkafa da taliya, 'Yankaba da kayan miya. Kuɗin saye ne ya gagara. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni na shekarar, kuɗin mota da na kwanon abinci suka tashi tare, amma samun ɗan dako da ɗan ga-ruwa da malamin Islamiyya bai motsa ba. A 2024 har afafata, tsakin shinkafar da masu casa ke warewa gefe, ta koma abincin gida a wurare da yawa.

Ko da farashin hatsi ya ɗan sauko, gidan da ya riga ya sayar da akuya da keken ɗinki, ya ci bashin mai kanti, ba ya miƙewa nan take. Ga kuma iyalan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina suka sauka wurin dangi. Cefanen yana nan yadda yake, bakunan da za su ci sun ninka.

Wa kuke taimakawa, kuma ta yaya kuke gano su?

Wannan ita ce tambayar da duk aikin ya rataya a kanta. Wanda ya fi kowa buƙata, galibi ba ya fitowa. Alƙur'ani ya siffanta su a Suratul Baƙara, aya ta 273: wanda bai sani ba yana zaton mawadata ne saboda kamun kansu, ba sa roƙon mutane da naci. Irinsu suna da yawa a lungunan birni. Magidancin da ya wanke rigarsa ya goge ya tsaya a sahun gaba, alhali gidansa tun jiya ba a hura wuta ba. Matar da ke takaba, wata huɗu da kwana goma, ga marayu a gabanta. Bazawarar da aka sako da yara. Tsohuwar da 'ya'yanta ma ta kansu suke yi. Mai ciwon ƙoda ko shanyewar jiki da magani ya cinye masa jari. Ka ce wa ɗayansu ya zo ya shiga layi, zai gwammace ya sha ruwa ya kwanta.

Saboda haka mu muke zuwa, ba mu jira a zo. Matan kwamiti ne ke shiga gida, su ne ke ganin madafi a share babu toka, su ne ke jin yaro ya ce da garin kwaki aka kwana. Malaman Islamiyya sun san yaron da ya fara gyangyaɗi a aji ko ya daina zuwa saboda kuɗin Laraba. Mai kantin lungu ya san wanda ya sauko daga awon kwano zuwa gwangwani, daga gwangwani zuwa bashi. Mai unguwa da liman sun san inda aka yi rasuwa da inda aka yi saki. Duk gidan da aka ambata, sai mutum biyu da ba dangin gidan ba sun tabbatar kafin a rubuta shi.

Idan kaya bai kai ba, kuma yawanci ba ya kai wa, muna fara da gidan da ke da ƙananan yara ko mai ciki ko mai shayarwa, sai marasa lafiya da tsofaffin da ba su da mai kula da su, sai sauran.

Ina cikin matsi amma ba na son unguwa ta sani. Yaya zan yi?

Samu liman shi kaɗai, ko ɗaya daga cikin iyayenmu mata na kwamiti idan ke mace ce. Ba sai an yi dogon bayani ba. In bakinka ya yi nauyi, aiko wanda ka yarda da shi. Littafin sunaye yana hannun mutum kaɗan, ba a karanta shi a taro, kuma ko masu ba da gudunmawa ba ma nuna musu. Ana kai kaya ne bayan Isha'i ko da sassafe, a buhu ko leda da babu rubutu a jiki, ta hannun wanda shigarsa gidanku ba za ta ja ido ba. Kada kuma kunya ta sa ku jira sai yaro ya kwanta. Duba amsar da ke ƙasa game da tamowa.

Me kuke bayarwa? Me ya sa ba ku ba da kuɗi kawai?

Tsaba muke kaiwa: masara ko gero ko dawa gwargwadon abin da gidan ya saba, da wake, da ɗan manja ko man gyaɗa, da gishiri da daddawa da kuka. Shinkafa sai in ta samu, domin kuɗin kwano ɗaya nata ya fi ciyarwa idan aka zuba shi a masara. Muna haɗawa da kuɗin niƙa da na gawayi. Masu ba da gudunmawa kan manta da wannan, alhali hatsi ba ya zama tuwo sai ya bi ta inji da murhu.

Dalilin fifita hatsi a kan kuɗi shi ne, hatsi yana isa hannun uwar gida, ita kuwa cikin yara take fara dubawa. Kuɗi na shiga gidan da ake bin bashi, masu bi za su ji ƙanshinsa. Amma ba doka ba ce da ba ta lanƙwasuwa. Wanda matsalarsa kuɗin haya ce ko magani, buhun gero ba zai warware masa ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zakkar kuɗi kuma hukuncinta daban, duba amsar da ke kan abincin buɗa-baki.

Me ya sa ba ma ganin hotunan rabonku a Facebook, kuma ba ku taɓa kiran taron rabo ba?

Taro da farko. A watan azumin 2024 an yi turmutsutsu a wurin rabon kuɗi a Bauchi, mata da yara suka rasu. A watan Disambar shekarar aka sake yi a Ibadan da Okija da Abuja cikin mako guda, duk a wuraren rabo. Masu rabon alheri suka nufa. Amma duk inda aka yi shelar kyauta a lokacin yunwa, jama'ar da za ta zo ta fi ƙarfin ƙofa da masu tsaronta. Ko an tsira daga wannan, layi mai ƙarfi yake zaɓa: saurayi ya kutsa ya karɓa sau biyu, tsohuwa ta koma hannu rabbana.

Hoto kuwa, ra'ayinmu a kansa ba ɓoyayye ba ne. A tsayar da dattijuwa riƙe da leda a ɗauke ta, gobe jikanta ya gani a wayar abokinsa, wannan an karɓe mata abin da ya fi shinkafar tsada. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, ta 271 kuma ta ce a ɓoye a ba matalauta shi ya fi alheri. Muna ɗaukar hoton buhuna da rasit saboda lissafi, ba ma ɗaukar fuska. Mun san hoton fuska ya fi jawo gudunmawa, mun haƙura da wannan.

Sai ɗan ɗariƙarku ko ɗan ƙungiyarku? Wanda ba Musulmi ba fa?

Ba ma tambayar mutum inda yake wazifa ko inda yake zuwa tafsiri. Maƙwabcin da ba Musulmi ba kuma yana da haƙƙin maƙwabtaka, ana ba shi daga asusun sadaka. Suratul Mumtahana, aya ta 8, ta buɗe ƙofar kyautata wa wanda ake zaune lafiya da shi, kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa akwai lada a taimakon duk wani mai rai. Zakka da zakkar fidda kai ne ake keɓe wa matalautan Musulmi. Ba mu kuma gindaya wa kowa sharaɗin zuwa karatu ko wa'azi kafin ya ci.

Kuna haɗa zakka da sadaka a asusu ɗaya?

A'a. Littafi daban, ma'aji daban. Allah da kansa ya ƙayyade masu cin zakka a Suratut Tauba, aya ta 60, su takwas: faƙirai, miskinai, ma'aikatan tattara ta, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, waɗanda bashi ya danne, hanyar Allah, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Mu a unguwa, faƙirai da miskinai da masu bashi muka fi haɗuwa da su. Ba a sayen tabarma ko gyaran lasifikar masallaci da zakka, ba a biyan ɗan adaidaita sahun da ya ɗauko kaya da ita. Waɗannan daga sadaka suke fita. Don haka idan za ka kawo, faɗi ko mene ne tun a bakin ƙofa, a rubuta a rasit.

Yaya zan san zakka ta hau kaina?

Idan dukiyarka ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kanta, a lissafin watan Musulunci. Nisabin zinariya dinari 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa dirhami 200, kimanin giram 595. Ba mu rubuta adadinsa da naira a nan ba saboda yana tafiya da farashin zinariya, ana kuma sanar da shi a rediyo da masallatai lokaci zuwa lokaci. Abin fitarwa ɗaya ne cikin arba'in, wato kashi 2.5 cikin 100. A kowace naira miliyan ɗaya, dubu 25.

Ɗan kasuwar da ke juya kaya kullum, kamar mai shago a Kantin Kwari ko Sabon Gari, zai ƙiyasta kayan shagonsa da farashin ranar, ya haɗa da kuɗin hannu da na banki da bashin da yake sa ran za a biya shi. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, sai su duba kuɗin asusu kawai su bar dilolin atamfa a sito. Mazaunin birni mai gona a ƙauye kuma, zakkar hatsi ba ta jiran shekara, da girbi take fita idan amfanin ya kai wasaƙi biyar, wato sa'i 300 (sa'i ɗaya mudun Annabi huɗu ne): ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka shayar da injin ban-ruwa.

Zan iya ba ku zakkata ku dafa abincin buɗa-baki da ita?

Ba ma yin haka. Zakka haƙƙin faƙiri ce da ake mallaka masa a hannu, ya yi abin da ya ga dama da ita. Kunu da ƙosai da ake ajiyewa a ƙofar masallaci kuwa kowa na sha, da mai shago da matafiyi da wanda motarsa ke ajiye a gefe. Alheri ne babba, amma da sadaka ake yin sa. Idan ka kawo zakkar kuɗi, kuɗi muke miƙawa, sai fa in mai karɓa da bakinsa ya wakilta mu mu sayo masa hatsi, wanda yakan faru ga masu takaba da tsofaffi.

Wani abu kuma: mun fi son a ba gida ɗaya abin da zai ɗaga shi, da a yayyafa wa gidaje hamsin abin da ba zai wuce cefanen kwana biyu ba. Duba amsar da ke kan jari.

Zakkar fidda kai fa, yaushe za a kawo, kuma me za a kawo?

Sa'i ɗaya ne a kan kowane mutum da ciyar da shi ke wuyanka, har jinjirin da aka haifa kafin Sallah. Sa'i mudun Annabi huɗu ne, mudun kuwa cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum. Ba kwanon awo na kasuwa ba ne, kada a rikita su. Ana fitarwa daga abincin da mutanen gari suka fi ci. Idan gidanka shinkafa ake ci, kada ka je ka nemo dawar da ta kwana biyu a sito saboda arha.

Lokacin da aka fi so shi ne bayan fitowar alfijir kafin sallar Idi, an kuma yarda a gabatar da kwana ɗaya ko biyu. Mu a nan roƙonmu shi ne a kawo a waɗannan kwanaki biyun. Wanda ya sauke mana buhu muna hanyar filin Idi, ya ɗora wa samari gudu, ita kuma mai karɓa ba za ta samu ta kai niƙa ba sai bayan Sallah, alhali manufar ita ce ta wayi gari da abin dafawa.

Ina da kaffara a kaina. Za ku iya raba min?

Za mu iya, amma faɗa mana wace iri ce, domin adadin mutane sharaɗi ne. Kaffarar rantsuwa ciyar da miskinai goma ce ko tufatar da su, kamar yadda ya zo a Suratul Ma'ida, aya ta 89. Ta karya azumin Ramadan da gangan, ga wanda ya zaɓi ciyarwa, miskinai 60 ne, mudu ɗaya ga kowanne. Ba a tattara wa mutum ɗaya duka. Tsohon da azumi ya gagara kuma yakan ciyar da mudu ɗaya a madadin kowace rana. Ba ma tambayar dalilin kaffara, ba ma rubuta sunan mai ita in bai so ba.

Ina da dangi mabuƙata. Su zan ba ko ku zan kawo wa?

Su. Hadisi ya nuna sadaka ga ɗan uwa lada biyu ce, ta sadaka da ta zumunci. Yayarka da aka saka, ɗan ƙaninka maraya, gwaggonka a ƙauye, duk ana iya ba su har zakka idan sun cancanta. Waɗanda ba a ba zakka su ne waɗanda ciyar da su dama wajibinka ne: matarka, ƙananan 'ya'yanka, da iyayenka matalauta. Da kowane mai hali a Kano ya riƙe danginsa da gidaje biyu na kusa da shi, da littafinmu ya ragu sosai.

Abin hannuna kaɗan ne. Yana da amfani in kawo?

Yawancin abin da ke shigo mana ba daga manyan Alhazai yake zuwa ba. Gwangwanin gero ne, da ɗari biyu ranar Juma'a, da matar da ke ɗebe tafi ɗaya duk sanda za ta ɗora tuwo, ta tara a roba har ƙarshen wata. Amfanin irin wannan shi ne ba ya yankewa, da shi muke iya yi wa gida alƙawarin wata mai zuwa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abu Zarr idan ya dafa romo ya ƙara ruwa ya tuna da maƙwabta, hadisin yana cikin Muslim. Ɗauki da iyayenmu ke aikawa maƙwabta da daddare shi ne wannan, kuma wanda ya farfaɗo da shi a lungunsa ba sai ya biyo ta wurinmu ba.

Me ya sa kuke matsa wa mutane da neman gudunmawa da kaka, ba ku bari sai azumi?

Saboda lissafi. Daga Oktoba zuwa Disamba sabon hatsi ke shigowa, a mafi yawan shekaru lokacin ne ya fi arha. Yunwa kuwa ta fi tsanani daga Yuni zuwa Agusta, sanda rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kwantar da yara da masu nema. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, yana kuma matsowa baya da kimanin kwana 11 duk shekara. Sai a wayi gari hannu ya buɗe a wata ɗaya, har dafaffen abinci ya yi saura a wasu masallatai, ga cibiyoyin ciyarwa na gwamnati, sannan da damina a nemi mai bayarwa a rasa.

Don haka abin da ya samu da kaka muna sayen buhuna masu kwano arba'in mu adana. Wake ne mai wahalar ajiya saboda ƙwari. Muna zuba shi a buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda idan aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ba ma karɓar hatsin da ke warin maganin ƙwari ko wanda ya yi fumfuna, ko da kyauta ne. Zakka kuwa ba ma adana ta, da zarar ta shigo take fita, domin haƙƙin mutane ce da lokacinsa ya riga ya yi.

Almajirai fa?

Yaran mutane ne, kuma yunwarsu a fili take. Ga tsangayun da ke unguwa muna kai tsaba wurin alaramma, a dafa a makaranta, yaro ya ci ya zauna kan allonsa. Ba ma raba musu a titi, domin hakan ƙara musu yawo yake. Amma ba za mu ɓoye ba: ciyar da yaro wajibin mahaifinsa ne, kuma kawo ɗan shekara shida birni a ajiye ba guzuri ba abu ne da kwamitin unguwa zai iya gyarawa da kwanon dawa ba.

Yaron maƙwabciyata ya rame ƙwarai, ƙafafunsa sun kumbura. Abinci zan kai musu?

Asibiti za a kai shi, yau ba gobe ba. Kumburin ƙafafu biyu, ramewar da haƙarƙari ke fitowa, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa ya ƙi cin abinci, alamun tamowa mai tsanani ne. Ma'aikatan lafiya na auna damtsen yaro ɗan wata shida zuwa shekara biyar da wani ɗan tef mai launi. In ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, magani yake buƙata, tuwo kaɗai ba zai tashe shi ba. A fara da asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. In yana amai ko gudawa ko zazzaɓi, ko jikinsa ya saki, a wuce Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Murtala. Kuɗin mota a kanmu yake, a yi wa matan kwamiti magana.

Abincin gyaɗar nan na cikin leda da ake ba masu tamowa magani ne, na yaron ne shi kaɗai, ba a raba shi da yayyensa, ba a sayarwa. Mun san abin da ke sa uwa ta raba: sauran ma suna kallonta. Shi ya sa duk gidan da ke da yaro a kan wannan magani muke sa shi a gaba wajen rabon hatsi. Don rigakafi kuma, nono zalla har wata shida, daga nan kunun da aka haɗa gero da waken suya da gyaɗa, da ganyen zogale a miya.

Ba ku ganin kuna koya wa mutane zaman jiran a ba su?

Tambaya ce mai kyau, mu ma muna yi wa kanmu. Akwai waɗanda ba za su taɓa fita daga littafi ba, kamar tsohuwa mai shekara tamanin ko wanda jikinsa ya shanye, kuma ba ma jin nauyin hakan. Mai ƙarfi a jika kuwa, ana sake duba lamarinsa bayan 'yan watanni. Idan zakka mai kauri ta shigo, muna tambayar mutum sana'ar da ya riga ya iya: suyar awara ko ƙosai, ƙuli-ƙuli, saƙar hula, ɗinki, injin markaɗe, kurar ruwa. Ba ma zaɓa masa.

Abin da ke karya irin wannan jari sananne ne: an ba mace kuɗin waken awara alhali gidan babu abinci, dole ta ci uwar kuɗin. Shi ya sa hatsi ke ci gaba da zuwa na ɗan lokaci bayan an ba da jari. Ciwo ma na karya shi, haka mijin da ya ga kuɗi ya ce a ara masa. Ba kowane jari ke tsayawa ba, kuma wanda nasa ya karye ba ma rufe masa ƙofa.

Ta yaya zan tabbata abin da na bayar ya isa?

Ana ba da rasit ga duk abin da ya shigo, ko kwano ɗaya ne. Mai riƙe kuɗi daban, mai riƙe makullin sito daban, mai rubutu daban, kuma ba a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Ana liƙa lissafin shiga da fita a allon masallaci, da adadin gidaje, babu sunaye. Duk mai son ganin sito ko rasit ɗin kasuwa, ya zo. Kada ka tura kuɗi asusun wani mutum saboda saƙon WhatsApp da aka ce daga gare mu yake, tambayi liman tukuna.

Wanda ya fi natsuwa da hukuma, akwai Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2003, yana iya kai zakkarsa can. Masu neman muƙamin siyasa kuma muna karɓar sadakarsu kamar ta kowa, da sharaɗin babu hoto a jikin buhu, babu taro, babu jerin sunayen da za a ba mu mu bi. Yawanci daga jin sharaɗin ba sa dawowa.

Muna son fara irin wannan a unguwarmu. Ta ina za mu fara?

Ku fara da liman da mai unguwa, sannan ku nemo mata biyu ko uku masu riƙe sirri waɗanda ake buɗe wa ƙofa a kowane gida. Mai surutu, ko yana da kuɗi, a ba shi aikin sayayya, kada a nuna masa littafi. Ku ɗauki gidajen da za ku iya riƙewa shekara guda ko da gudunmawa ta ja baya. Gida biyar da ba a yanke musu ba sun fi hamsin da aka ba sau ɗaya aka ɓace, domin wanda aka saba wa yakan daina nema a wani wuri.

Ku raba littafin zakka da na sadaka tun ranar farko, kamar yadda aka yi bayani a sama. Idan kuɗi ya fara yawa, kada ya zauna a asusun mutum ɗaya. Galibi banki ba ya buɗe asusu da sunan ƙungiya sai da takardar rajistar amintattu daga CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don haka ku tanadi tsarin mulki a rubuce da sunayen amintattunku. In kuma Allah ya kawo mai son barin abin da zai ɗore, ku nuna masa hubusi: shago ko gida ko gona da za a tsayar, ba a sayarwa ba a gado, ana ciyarwa da kuɗin hayarsa, irin yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara. A rubuta shi a gaban shaidu, magada su sani tun mai shi yana raye, a kuma ajiye kwafin takardar a wuri fiye da ɗaya.